Bateban Lobi da Jigon Anna: Sharhi a kan Littafin Piet Meyer da Kalmar "Gunki"

A cikin watan Maris na shekarar 2025 aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Jamhuriyar Nijar, aka bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Wannan mataki ya ƙara wa masu fassara da masu tsara littattafan yaƙi da jahilci nauyin da suka daɗe suna ɗauke da shi, tun daga taron Bamako na 1966, inda aka daidaita baƙaƙen rubuta harsunan wannan yanki, da kuma buɗe makarantar gwaji ta harshen gida a Damagaram a 1973. Daidaita baƙaƙe aiki ne mai iyaka, da an zauna an yarda magana ta ƙare. Daidaita ma'ana kuwa ba ya ƙarewa, musamman idan aka zo kan kalmomin da suka shafi addinin wasu mutane.

A littattafan tarihi da na labarin ƙasa akan sami shafi guda da aka keɓe wa fasahar maƙwabta. A wannan shafi akan sa hoton wani sassaƙen itace mai siffar mutum, a rubuta a ƙarƙashinsa cewa daga ƙasar Lobi ya fito. Mai fassara da ya zo nan ba ya ɗaukar lokaci, sai ya rubuta "gunki" ya wuce. Manufar wannan sharhi ita ce a nuna cewa wannan kalma ba ta ɗauki abin da Lobi suke nufi da sassaƙensu ba, kuma a nuna cewa manomin Gazawa ko na Agye ko na Gidan Rumji yana da kalmomi a bakinsa waɗanda suka fi ta kusa da ma'anar. Za a bi ta kan littafin Piet Meyer, domin shi ne tushen kusan duk abin da ake maimaitawa game da wannan sassaƙa.

Lobi da littafin Meyer

Lobi manoma ne da ke zaune a kudu maso yammacin Burkina Faso, wajen Gaoua da Kampti da Batié, da arewa maso gabashin Kwaddebuwa wajen Bouna, da wani yanki na arewa maso yammacin Gana. Tarihinsu na baka ya nuna cewa sun ƙetaro kogin Mouhoun daga gabas wajen ƙarshen ƙarni na 18. Harshensu, Lobiri, daga rukunin Gur yake, ba shi da dangantaka da Hausa. Ba su da sarki, ba su da fada. Kowane magidanci yana zaune a cikin gidansa na ƙasa mai kama da ganuwa, nesa da na maƙwabcinsa, kuma sun daɗe suna tirje wa mulkin Faransa da kibiya mai dafi. Henri Labouret, wanda ya yi mulkin yankin a matsayin kwamanda, shi ya fara rubuta babban littafi a kansu, aka buga a 1931.

Bayan shekara hamsin, a 1981, gidan adana kayan tarihi na Rietberg da ke birnin Zurich ya shirya baje kolin sassaƙen Lobi, Meyer kuma ya rubuta littafin da ya raka shi, mai suna Kunst und Religion der Lobi, watau fasahar Lobi da addininsu. Da Jamusanci aka rubuta shi, abin da ya sa yawancin masu bincike na wannan yanki suka san shi ta bakin wasu. Fifikonsa a kan na Labouret shi ne Meyer ya zauna da masu duba da masassaƙa da masu gidajen da aka ajiye sassaƙen, ya tambaye su abin da su da kansu suke cewa.

Ga taƙaitaccen abin da ya samo. Lobi sun yarda da Mahalicci ɗaya, suna kiransa Thangba. A labarinsu, da can yana kusa da mutane, amma da suka yi ta saɓa masa sai ya janye, ya bar musu waɗansu halittu da ido ba ya gani don su kula da al'amuransu. Sunan ɗaya thil, jam'i thila. Kowane ƙauye yana da nasa, dithil, wanda ke kafa wa mazauna dokokin zama tare. Kowane gida yana da nasa. Mutum ɗaya ma yakan gamu da nasa a daji, wathil, cikin siffar wani ƙarfe ko wani baƙon abu da ya tsinta. Thila suna tsare mutum daga mayu da cuta da fari, amma suna ɗora masa hani, idan kuwa ya karya sai su janye tsaronsu ko su buge shi da ciwo. Da yake ba su da harshe, ta hannun mai duba, buor, ake jin abin da suke so. Wani lokaci hadaya suke so. Wani lokaci ɗaki suke so a gina musu. Wani lokaci kuma sai su ce a sassaƙa musu bateba.

Bateba shi ne sassaƙen da ake gani a hoto. A nan ne littafin Meyer ya yi aikin da ya cancanci yabo, domin ya bayyana a fili cewa bateba dabam, thil dabam. Thil shi ne mai umarni. Bateba mataimakinsa ne, wata halitta ce tsakanin mutum da thil, wadda ta yi kama da mutum a jiki amma take yi wa thil aiki. Muddin yana hannun masassaƙi, itace ne kawai. Da zarar an ɗora shi a kan wurin hadaya aka miƙa shi ga thil, a ganin masu shi ya zama mai rai: yana gani, yana motsi da dare, yana tare mayu a ƙofa, yana iya ɗaukar baƙin cikin maigida ya yi makoki a madadinsa, yana taimakon mai duba wajen gano abin da ya ɓata. Masassaƙin kansa ba shi da wani matsayi na musamman. Manomi ne kamar kowa, sau da yawa ma thil ne ya tilasta masa koyon sassaƙar ta hanyar ciwo ko asara, ba don yana so ba.

Inda littafin ya yi rauni

Littafin baje koli ne, don haka an tsara shi domin ido. Meyer ya kasa bateba gida-gida bisa ga tsayuwarsu. Wanda ya tsaya ƙyam, hannuwa a saki, bateba phuwe ne, watau na yau da kullum. Wanda ya ɗaga hannu ɗaya ko biyu sama, ti puo ne, mai haɗari, mai tare mayu. Wanda ya sunkuyar da kai ko ya kai hannu ga haɓa, yadawora ne, mai baƙin ciki. Mai kai biyu ko wata siffa da ta saɓa wa halitta, ti bala ne. Wanda ya zauna ya miƙe ƙafafu kamar gurgu, bambar ne, mai gadin gida. Wannan rabo yana da daɗin koyarwa, kuma sunayen daga bakin Lobi suka fito. Matsalar ita ce ya sa mai karatu ya zaci ana iya karanta ma'anar sassaƙe daga siffarsa kamar yadda ake karanta baƙi a allo. Abin da Meyer da kansa ya bayyana game da duba ya rushe wannan zato. Idan thil ne ya nemi bateba a kan wata matsala ta wani gida, a wata shekara, ta bakin wani mai duba, to ma'anarsa tana wurin maigidan da mai duban. Sassaƙe biyu masu tsayuwa iri ɗaya suna iya yin aiki dabam a gidaje biyu. Wanda aka cire daga ɗakinsa, aka kankare jini da gashin kaza da ƙasar da suka lulluɓe shi, aka sa shi cikin gilashi, ya rabu da duk shaidar da za ta faɗi aikinsa.

Dillalan kayan tarihi sun karɓi wannan rabo da hannu biyu. Sunayen da Meyer ya tattara don fahimta sun koma sunayen kaya a takardun gwanjo a Faris da Burusel, har ya zama mai ɗaga hannu ya fi mai tsayuwa tsada. Ba laifin marubucin ba ne kai tsaye, amma tsarin littafinsa ne ya share hanyar.

Rauni na biyu ya shafi kakanni. Daniela Bognolo, wadda ta daɗe tana bincike a ƙasar Lobi bayan Meyer kuma ta fitar da littafinta a 2007, ta nuna cewa manyan sassaƙen da ke ɗakin hadaya na dangi suna da alaƙa da magabatan da suka mutu, kuma salon sassaƙa yana bin zuriya da yanki. Meyer ya ba thila fili sosai, ya rage wa kakanni nasu. Ga mai fassara wannan yana da muhimmanci, domin yana nufin ba kowane sassaƙen Lobi ne za a yi wa bayani iri ɗaya ba. Na uku, abin da aka ji a ƙauyukan wani yanki an shimfiɗa shi a kan Lobi duka, alhali a cikin abin da ake kira ƙasar Lobi akwai Birifor da Dagara da Dyan da Gan da Teese, kowa da harshensa da yadda yake yi.

Duk da haka, ginshiƙin littafin yana nan daram: ba a bauta wa bateba. Aiki ake sa shi.

Abin da ke Gazawa

Tsakanin Gaoua da Gazawa akwai fiye da kilomita 1,000, kuma ba wanda zai ce addinin Lobi da na Anna daga tushe ɗaya suke. Dalilin kawo Gazawa a nan shi ne masu karanta littattafan da ake fassarawa a nan suke, kuma da abin da mutum ya sani ake fahimtar da shi abin da bai sani ba.

Wannan yanki na cikin wuraren da al'adun Hausawa na kafin jihadi suka fi daɗewa. Bayan faɗuwar Katsina da Alƙalawa, sarakunan da aka kora sun kafa Maraɗi, suka kafa Tibiri a 1836, wadda yanzu take cikin gundumar Gidan Rumji. Da Heinrich Barth ya biyo ta Gazawa a watan Janairu na 1851, a kan hanyarsa daga Tasawa zuwa Katsina, ya same shi gari mai kafi a bakin iyakar ƙawancen Maraɗi da Gobir, da yawa daga mutanensa suna kan addinin gargajiya. Waɗannan su ake kira Anna, ko Azna. Bayan shekara ɗari da 'yan kai Guy Nicolas ya yi dogon bincike a kwarin Gulbin Maraɗi, ya fitar da babban littafinsa a 1975, Jacqueline Monfouga-Nicolas kuma ta fitar da nata a kan bori a 1972. A yau kusan kowa a yankin Musulmi ne, ayyukan Anna sun ja baya ƙwarai, amma kalmomin suna nan a bakin dattawa.

Abin da waɗannan littattafai suka bayyana ya yi kama da na Lobi a wurare da dama. Anna sun san Allah, sun ce shi ne Mahalicci, amma ba sa yi masa yanka. Iskoki ake yi wa. Kowane dangi yana da gadonsa, noma ko farauta ko ƙira ko su, kuma tare da gadon ya gaji iskokinsa da haninsa. Iskan da dangi ya dogara da shi ana ce masa kan gida. Akwai Kure, akwai Doguwa Fara da Doguwa Baƙa, akwai Uwar Gona, kowanne da irin dabbar da yake karɓa da launinta. Wanda ya yi sakaci da gado sai ciwo ya kama shi ko iyalinsa, a je wurin mai duba a ji wane iska ne ya yi fushi. Mutum yana iya gamuwa da iska a daji da tsakar rana, ya dawo gida da shi, kamar yadda Balobe yake gamuwa da wathil. Wanda ciwonsa ya ƙi jin magani akan yi masa girka ya shiga bori, ba don ya zaɓa ba, daidai da yadda thil ke tilasta wa mutum zama mai duba ko masassaƙi.

Inda hanyoyin suka rabu shi ne wurin da iska ke sauka. Anna suna ba iska mazauni: gindin tsamiya ko kuka, ko wani dutse, ko suri, ko tukunya, ko jigo. Jigo itace ne mai baki biyu da ake kafawa a gida, a gindinsa ake yanka. Joseph Greenberg, wanda ya zauna da Maguzawan ƙasar Kano a 1938 da 1939, ya bayyana shi a littafinsa na 1946, kuma kalmar sananniya ce har ƙasar Maraɗi. Ba a sassaƙa masa ido ko hanci. Ba wanda ke cewa jigo shi ne Kure, kamar yadda ba wanda ke cewa tsamiya ita ce Doguwa. Gidanta ne kurum. Idan kuwa iska yana son jiki mai ido da baki da hannu, sai ya hau mutum. Ɗan bori doki ne, 'yar bori goɗiya ce, iska kuma mahayi. A sa masa tufafin iskan, a ba shi sanda ko takobi ko abin da iskan ya saba riƙewa, a kaɗa masa garaya ko goge da ƙwarya, ya yi magana da muryar da ba tasa ba. A fadar Maraɗi Iya ce shugabar wannan sha'ani, a fadar Gobir da ke Tibiri kuma Inna.

Ba rashin gwaninta ne ya hana Bahaushe sassaƙa mutum ba. Masassaƙin Gazawa da gizagonsa yana fitar da turmi da taɓarya da akushi da kujerar mata da ƙotar fartanya da allon almajiri, kuma maharba sun daɗe suna ɗaura kan burtu na itace a goshi, su yi rarrafe su kusanci nama. Can baya ma ƙasar nan ta san siffanta mutum: sassaƙen yumɓu na Bura, wanda aka gano a 1975 kuma Boubé Gado ya haƙa a 1983, da waɗanda aka tono a ƙasashen Katsina da Sakkwato, shaida ne. Sai dai a abin da aka rubuta game da Annan Gulbin Maraɗi, aikin da bateba ke yi a wurin Lobi an raba shi biyu: tsayuwa a gida an bar wa jigo, gani da motsi da magana an bar wa doki. Wani bambancin kuma shi ne sassaƙa a ƙasar Hausa sana'a ce ta gado mai sarkinta, a ƙasar Lobi kuwa lalura ce da ke faɗa wa mutum.

Ko labarin Tsumburbura, wanda aka saba cewa "gunkin" mutanen Dala, ya kamata a sake duba shi da wannan ido. Abin da tarihin sarakunan Kano ya bayyana itaciya ce da aka kewaye da gini, Barbushe kaɗai ke shiga, ana kawo baƙaƙen dabbobi a yanka. Wannan siffar mazauni ce irin na Anna. Kalmar gunki ce ta sa ɗalibai suke hango wani mutum-mutumi a kan dutsen.

Kalmomin

Ƙamusun Bargery na 1934 da na Abraham na 1949 sun ba gunki ma'anar abin da ake bauta wa. A tafsiri da wa'azi ita ake sa wa sanami na Larabci, masu fassara Littafi Mai Tsarki ma ita suka ɗauka. Saboda haka kalmar tana ɗauke da hukunci tun kafin a ce komai: wanda ya ji "gunki" ya ji "bautar gumaka". Wannan daidai ne a muhallinsa, kuma ba aikin masanin harshe ba ne ya hana malami hukuncinsa. Amma littafin labarin ƙasa bayani aka sa shi, kuma bayanin da gunki ke bayarwa kuskure ne ta fuska biyu. Ta farko, ya haɗe thil da bateba ya mai da su abu ɗaya, alhali duk tsarin ya dogara ne a kan rabuwarsu. Ta biyu ta fi ban sha'awa. A maganar yau da kullum, idan aka ce yaro "ya tsaya kamar gunki", ana nufin ba ya motsi, ba ya ji, ba ya amfanar kowa. Gunki a kunnen Bahaushe shi ne iyakar rashin rai. Bateba kuwa a wurin mai shi ana yin sa ne don ya yi motsi ya yi gadi. An ɗauki kalmar da ke nufin abu marar aiki an sa wa abin da sunansa ke nufin ma'aikaci.

Faransanci ma ya sha wannan wahala. Kalmar fétiche daga bakin 'yan kasuwar Fotugal ta fito, Charles de Brosses ya mai da ita sunan wani "addini" a littafinsa na 1760, masana kuma suka shafe fiye da ƙarni guda kafin su yar da ita. Babu dalilin da zai sa Hausa ta gaji kuskuren da masu shi suka riga suka tuba daga gare shi.

Sauran kalmomin da ke kusa kowace da cikas ɗinta. Tsafi a bakin Anna yanka ne da wurin yanka, amma a bakin jarida ya koma sihiri da kisan kai, matsafi kuma mugu. 'Yar tsana abin wasan yara ce. Dodo ya fi dacewa da mai rufe fuska a fito da shi fili, Lobi kuwa ba su da wannan al'ada. Jigo ya kama mazauni amma bai kama rai da motsi ba. Ana iya jarabtuwa a ce bateba dogarin thil ne, tun da iskokin bori kansu an tsara su kamar fada, da sarki da galadima da bayi. Kwatancin yana da kyau a aji, amma yana shigar da sarauta cikin tunanin mutanen da ba su taɓa yarda da sarki ba, don haka idan za a yi shi a yi shi da faɗakarwa. Mutum-mutumi ita ce ta fi sauƙin laifi. Siffa kawai take faɗa, ba ta yabo ba ta zagi, kuma manomi ya san mutum-mutumi a matsayin mai gadin gona. Bambancin shi ne na gona tsuntsu yake ruɗa, mai shi ya san tsumma ne. Na Lobi mai shi ya yarda da gaske yake gadin.

Akwai wata kalma da Hausawa suka riga suka sa wa wannan kaya, wadda masu tsara littattafai ba su cika sani ba. Tun shekaru da dama, da yawa daga dillalan sassaƙe a kasuwannin Abijan Hausawa ne, wasu daga Nijar. Christopher Steiner ya rubuta littafi a kansu a 1994, an kuma yi fim a 1992 a kan ɗayansu, Gabai Baaré, ana bin sa daga Kwaddebuwa zuwa Amurka da kayansa. Paul Stoller ya sami irinsu a birnin New York. Abin da suke kiran hajarsu shi ne itace, ko katako. Da wannan suna suke raba kansu da abin da ke cikinta: su ba su san thil ba, itace suke sayarwa. Ta wata fuska sun fi mai fassara gaskiya, domin bateban da ya bar ɗakinsa, ko wanda aka sassaƙa don kasuwa tun farko, a ganin Lobi ma itace ne. Sassaƙa don baƙo ba sabon abu ba ne a can. Sikiré Kambiré na Gaoua ya yi suna da ita tun zamanin Turawan mulki. Wannan ya kawo wata tambaya da ya kamata a yi kafin a rubuta komai a ƙarƙashin hoto: shin abin da aka ɗauka a wurin hadaya yake, ko a gidan adana kayan tarihi irin na Poni da Madeleine Père ta yi ɗawainiyar kafawa a Gaoua, ko a rumfar dillali?

Shawarar da ta fito daga duk wannan ita ce a bar wa abin sunansa, a bi shi da bayani. A rubuta: bateba, watau mutum-mutumin itace da Lobi ke sassaƙa wa iskokinsu don ya yi musu gadi da aike. Thil a ce masa iska. Aljani ma zai yi, mutane suna musanya su, amma aljani ya zo da nasa bayani daga littattafan Musulunci, iska kuwa ita ce kalmar da Anna ke amfani da ita ga abin da ake gada, ake yi wa yanka, yake kafa hani. Buor a ce masa mai duba, kada a ce boka, domin aikinsa tambaya ne, ba haɗa magani ba, kuma boka ta riga ta yi nauyi a kunne. Thangba kuwa a ce Mahalicci, a ƙara da cewa haka Lobi ke kiransa.

Wannan shawara ba a teburin ofis za a tabbatar da ita ba. Cibiyoyin karatun manya na Agye da Gazawa da Gidan Rumji su ne wurin gwaji. A nuna hoto ɗaya ga rukuni biyu, ɗaya da "gunki" a ƙarƙashi, ɗaya da bayanin da aka kawo, sa'an nan a ce kowa ya faɗi abin da ya fahimta. A lokaci guda a ɗauki muryar dattawan da suka ga jigo a tsaye a gidan kakanninsu, a ji yadda suke rarrabe iska da mazauninsa, da kalmomin da suke amfani da su ga abin da aka miƙa wa iska ya zama nasa. Kalmomin nan ba duka ne suka shiga ƙamus ba, har da na Abdu Mijinguini na 1987 da na Jami'ar Bayero na 2006, kuma mai yiwuwa a cikinsu a sami wadda ta fi mutum-mutumi dacewa.

Saura wata 'yar matsala ta nahawu. Bateba ta ƙare da wasalin a, don haka harshen Bahaushe zai ja ta zuwa jinsin mace, a ji "batebar nan", alhali akwai sassaƙen namiji akwai na mace, sau da yawa ma bibbiyu ake kafa su, miji da mata. A cikin wannan sharhi an bi ta da jinsin namiji ne saboda mutum-mutumi. A rubuce-rubucen masana sigar ɗaya ce ga tilo da jam'i, Hausa kuwa za ta nemi nata jam'in, kuma ƙirar da ta fi saurin zuwa baki ita ce batebobi, kamar taga da tagogi. Kwamitin daidaita kalmomi ne zai yanke, amma gara ya fara jin abin da ɗaliban Gazawa suka kira su a rana ta biyu, bayan sun kwana da kalmar.